Martha Shekari: Ƙibar da Muka Yi wa Rawa

Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Agusta, ana cikin ruwan nan da ya wuni yana zuba, Ubangiji ya kira ƙanwata Martha Shekari, wadda duk Gonin Gora ta sani da Maman Blessing. Ina bakin titi ina lulluɓe doya da leda, sai na hango mijinta, Baba Shekari, yana tahowa a ƙafa, ba lema, ba hula. Da na ga dattijo irinsa yana tafiya cikin ruwa ba ya ko sauri, na san abin da ya kawo shi. Ya tsaya ya dubi bencin da take zama, ni ma na duba. Daga nan na saki ledar da ke hannuna.

Ni ce Jemimah Musa, Maman Caleb. Ban taɓa shiga aji ba. Fasto ya ce duk mai abin faɗa a kan Martha ya rubuto, za a sa a littafin jana'iza. Sai na kira Blessing, 'yarta ta fari, malamar firamare a Narayi, na ce ta zauna ta rubuta abin da na faɗa yadda na faɗe shi. Ta ce in nemi wani, ita ba za ta iya ba. Na ce ke nake so. Ga ta nan zaune a gabana, ta naɗe wuyanta da ɗankwali a cikin ɗaki, alhali ba sanyi take ji ba. Abin da ke ƙarƙashin ɗankwalin nan shi ya sa na zaɓe ta. Irin na uwarta ne ya fara fito mata, ta kuma rantse ba za ta ga likita ba. Rubuta, Blessing. In mun gama, abin da ba ki so ki cire shi kafin ki kai wa masu bugawa. Amma sai ya bi ta hannunki tukuna.

Martha, ba uwa ɗaya ta haife mu ba, ba ma ƙauye ɗaya muka fito ba. Shekarar da rikici ya raba garin nan biyu, muka kwaso abin da wuta ta bar mana muka ƙetaro kogi. Mijina bai ƙetaro tare da mu ba. Na zo Gonin Gora da yara da tabarma ɗaya, ban san kowa ba. Kwana da kwanaki ina zama a gindin mangwaron bakin titi ina kallon motoci, don ban san abin da zan yi da kaina ba. Ke ce kika taso daga wurin doyarki kika tsaya a kaina, kika ce, "Yaya, wannan kallon motar da kike yi, biyanki ake yi?" Kika ja ni, kika matsar da kashin doyarki gefe, kika raba wurinki biyu. Tun daga ranar kike ce mini Yaya. Ke kika kai ni wurin Gwarawan da ke kawo miki doya, kika ce musu 'yar'uwarki ce ni. Ke kika koya mini in ƙwarzane bayan doya da farce in nuna wa mai saye farin cikinta. Kika ce kada in kuskura in ɓoye ruɓaɓɓiya a tsakiyar kashi, don mai motar da ya wuce yau zai dawo ta nan gobe, hanyar Abuja ɗaya ce.

Ga kuma murya. Wanda bai ji muryar Martha a wancan lokacin ba, ban san yadda zan kwatanta masa ba. In ta ce "Ga doya, sabuwar haƙa!" motar da ta riga ta wuce sai ka ga ta taka birki tana dawowa da baya. Direbobi Mama Lasifika suke ce mata. Ni kuwa tawa muryar ba ta tsallake kwalbati. Sai ta riƙa kira mana mu biyu. In mota ta tsaya, ta sayar da kashi ɗaya nata, ta ce, "Na biyun ku ɗauka a wurin Yayata, nata ya fi gari." A zumuntar mata ma haka. Ita ke ba da waƙa, mu muna amsawa, ni ina buga tulu. Babu gidan makokin da aka yi a unguwar nan, daga nan har Rido, da Martha ba ta je ta rera wa mamacin ba, ko ta san shi ko ba ta san shi ba. Jiya da muka taru a gidanki, Martha, aka rasa wadda za ta ɗaga waƙa. Kowa na jiran ki fara.

Akwai wani direban tirela, Malam Tanimu, mutumin Funtuwa. Wata shekara motarsa ta lalace daidai gabanmu, yaransa suka tafi neman kayan gyara suka bar shi. Lokacin zukata ba su gama hucewa ba, mutumin yana tsoron ko sauka daga mota. Martha ta gasa doya ta zuba manja da yaji, ta je ta buga masa ƙofa. Ta ce, "Malam, sauko ka ci. In yunwa ta kashe ka a nan, mu za a ce mun kashe ka." Ta cika masa butarsa da ruwa, ta share masa wuri a bayan rumfarmu inda zai yi sallarsa. Har aka gyara motar ita ke ciyar da shi. Tun daga nan bai taɓa wucewa bai danna mana hon ba. Ku riƙe sunansa, zai sake fitowa.

To, ciwon. Maƙoƙo ne ya fara fito mata, ɗan ƙarami, kamar an sa ƙwai a ƙarƙashin fata. Ba mu tsorata ba. A ƙauyukanmu na kan dutse mun taso mun ga tsofaffi da shi, wasu har ya sauko musu ƙirji, suna nomansu suna dakansu har tsufa ya ɗauke su. Amma na Martha da zafi ya zo. Gumi kamar an watsa mata ruwa. Zuciyarta na bugawa, in na zauna kusa da ita har ina ganin rigarta na motsi. Hannu na karkarwa, ba ta iya zura zare a allura. Tana ci kamar mutum biyu tana ramewa. Idanunta suka fito. Matar da ba ta faɗa da kowa, ta koma in ƙuda ya sauka a kan doyarta sai ta yi masa masifa.

Ni na riƙa raka ta asibiti, don Baba Shekari lokacin yana gadi a wani kamfani, ba ya samun fita. Abin da idona ya gani nake faɗa, ba labari aka ba ni ba. Ba zan kama sunan asibiti ko na likita ba, Ubangiji ya san su. Na farko bai ɗago kai ya dube ta ba. Tana magana yana rubutu, kafin ta gama ya ce maleriya da taifod. Aka yi allurai, aka sha ƙwayoyi. Muka koma, ya ce taifod ɗin ne bai gama fita ba. Muka canza wuri. Na can ya ce hawan jini. Wani ya ce olsa. Wani ya tambaye ta ko mijinta na neman mata, wai tunani ne ya yi mata yawa. Muna fitowa ta ce, "Yaya, Shekari da ko akuya ba ta kallonsa sau biyu?" Muka yi dariya a bakin get har mai gadi ya kore mu. Likita ɗaya ne ya lura da wuyan, daga inda yake zaune, ya ce ta riƙa cin gishirin leda, wai shi ke hana maƙoƙo. Gishirin leda kuwa shi muke ci tun da muka zo birni.

Abin da ya fi ciwon ciwo shi ne bakin mutane. Mace ta rame haka, ido ya fito, kun san abin da ake cewa. Aka fara raɗa cewa ƙanjamau ne. A zumunta in ta sha ruwa a kofi, sai ka ga an ajiye kofin gefe, ba a sake ɗauka. Wasu masu sayen doya na unguwa suka koma tsallaken titi. Ta yi gwaji ba sau ɗaya ba, babu komai, amma wa zai bi gida gida yana nuna sakamako? Baba Shekari ya daina zama a benci na gaba a coci.

An ce mana akwai likitocin da suka karanci irin wannan ciwo musamman, amma sai an ƙetare gada. Muka ƙetare. Zuwan farko aka ce ana yajin aiki. Zuwa na biyu aka ce likitan ya tafi ƙasar waje, ba a san ranar dawowarsa ba, wata nas ta ce mana a hankali ba zai dawo ba. Zuwa na uku aka ba mu rana, can bayan an girbe dawa. Martha ta ce, "Kafin nan ai sun girbe ni."

Ana haka lokacin zaɓe ya matso. Wani mai neman kujera ya kawo likitoci daga wani gari, aka yi shela a coci da masallaci cewa za a yi wa mutane tiyata kyauta, masu ƙaba da masu yanar ido da masu maƙoƙo. Mu muka ɗauka amsar addu'a ce. Aka sa hannu a takarda, aka shiga da ita, aka fito da ita da bandeji a wuya. Kafin a kwance bandejin, waɗanda suka yi aikin sun shiga motarsu sun koma inda suka fito. Ko fuskar wanda ya yanka ta ba mu sani ba. Ranar sallama aka miƙo mana leda da magunguna. A ciki akwai wasu 'yan ƙananan farare, ko ƙwayar dawa ba su kai ba. Aka ce ɗaya kullum da safe. Ta sha, ba ta tsallake ko rana ɗaya ba, har suka ƙare.

Nan ne, Blessing. Rubuta wannan da kyau. Mu a saninmu, magani in ya ƙare, ya ƙare. Na maleriya haka yake, na tsutsar ciki haka yake, duk wanda muka taɓa sha a duniya haka yake. Ka shanye, ka yar da ledar, ka gode wa Allah. Babu wanda ya buɗe baki ya ce mana wannan ba irinsu ba ne. Ko da Hausa, ko da Turanci, ko da hannu.

Sai Martha ta fara ƙiba. Wayyo, irin murnar da muka yi! Karkarwa ta tsaya, gumi ya tsaya, kumatu suka ciko. Duk wanda ya gan ta sai ya ce, "Maman Blessing, kin murmure!" Waɗanda suka ajiye kofi gefe su ne kan gaba wajen rungumar ta. Aka sa ranar godiya. Bulawus ɗin ankon zumunta ya ƙi shiga, sai da tela ya ƙara yadi a gefe da gefe, muna ta guɗa a shagonsa. Ranar Lahadin muka taso da rawa tun daga ƙofar coci har gaban bagadi, da doya a ka, da akuya a igiya. Ta tsaya ta ba da shaida ta ce Yesu ya warkar da ita. Baba Shekari ya koma bencinsa na gaba, yana juyowa yana kallon mutane ɗaya bayan ɗaya. Ni ina buga tulu ina kuka. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, kuma yanzu babu ranar da nake tunawa ƙirjina ya yi nauyi kamarta.

Don daga nan sanyi ya shige ta. A watan Maris, rana na narka kwalta, Martha na zaune da suwaita da safa. Barci ya riƙa sace ta a kan benci, mai saye na tsaye yana sallama. Gashin kanta ya kakkarye, gefen girarta ya zube, fatarta ta bushe ko ta shafa man kaɗanya. In ka tambaye ta abu, sai ka ɗauka ba ta ji ba, can sai amsar ta fito. Muryar nan kuma ta dushe, ta yi kauri kamar ta namijin da ya tashi daga barci. Ranar da ta tsaya a tsakiyar waƙar da ita da kanta ta haɗa, ta rasa abin da ke biye, a ranar ce shugabar zumunta ta ba wata yarinya jagorancin waƙa. Aka miƙa wa Martha kacau-kacau aka ce ta zauna a baya ta huta. Ta karɓa. Ta riƙe shi a cinya, ko girgizawa ba ta yi.

Kira a bakin titi ya dawo kaina. Nakan daddage in ce "Ga doya!" mota ta wuce abinta. Sai ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Yaya, kira kike yi ko roƙo? Ko akuyar da mura ta kama ta fi ki." Ko a cikin wannan halin ba ta bar tsokana ba.

Mutane kuma suka sake juya baki. Da an ce ƙanjamau, yanzu aka ce lalaci, wai hutu ya yi mata yawa tun da Blessing ta fara aiki. Muka sake bin asibitoci. Wannan ya ce ta rage tuwo ta riƙa zagaya fili da safe, matar da ko tsakar gida ba ta iya sharewa. Wancan ya ce tsufa ne. Maleriya da taifod kuwa, in da ana tara su a buhu da mun buɗe shago. Ga tabon yanka kwance a wuyanta kamar zaren sarƙa, kowa na gani. Wata rana da bakinta ta nuna wa wani, ta ce, "Likita, an taɓa yanka ni a nan, ko shi ne?" Ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Ai an cire, Mama, wannan matsalar ta wuce. Na gaba!"

Daga baya ita ma ta gaji da zuwa. Akwai kuma abin da ke cin ta, wanda ni kaɗai ta gaya wa. Ta ce, "Yaya, na yi rawa a gaban Ubangiji da gaban jama'a na ce na warke. Yanzu in koma in ce me? In ce bai iya aikinsa ba?" Ta ɗauka rashin bangaskiya ne ta yi ƙorafi. Sai ta riƙa cewa da sauƙi. Shekara wajen shida tana cewa da sauƙi.

Bara ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya fara yi mata wuya. Malam Tanimu ya tsaya sayen doya, ya daɗe bai gan ta kusa ba. Ya dube ta, ya dubi tabon, ya ce, "Mama Lasifika, maganin naki kina sha kuwa?" Ta ce wane magani. Ya ce uwargidansa an yi mata irin wannan aikin, kuma kullum da asuba sai ta haɗiyi wata 'yar ƙwaya kafin ta sa komai a baki. Shi bai san sunan maganin ba, bai san amfaninsa ba, shi dai saye yake yi. Amma ya san likitar da ke duba ta, can ƙetaren gada, ranar Talata kaɗai take ganin masu irin wannan. Ya kwatanta mana wurin, ya ce mu yi sammako don layi.

Muka je mu uku, ni da ita da Blessing. Tun da safe muke layi, sai bayan azahar aka kira mu. Yarinya ce likitar, da hijabinta, ba za ta girmi Blessing ba. Na ce a raina yau ma mun yi asarar kuɗin mota. Sai ta gaishe mu da Hausa, ta bari Martha ta yi magana har ta gama, duk da jinkirin bakinta. Sannan ta tashi daga kujerarta, ta zagayo, ta sa hannu biyu a wuyan Martha. Duk yawon da muka yi, ban taɓa ganin likita ya tashi daga kujera saboda ita ba. Ta taɓa fatar hannunta, ta danna ƙafarta, ta saurari ƙirjinta ta daɗe. Ta ce, "Mama, tun da aka yi aikin nan wane magani kike sha?" Martha ta ce, "Na sha, 'yata, ya ƙare." Ta ce, "Yaushe ya ƙare?" Da Blessing ta gaya mata shekarar, sai yarinyar nan ta cire tabarau ta ajiye.

Ta yi mana bayani yadda ko ni na gane. Ta ce abin da ke wuyan mutum, wanda suke kira tayirod, kamar murhu ne, shi ke riƙe wutar jiki. Na Martha da farko wuta ce ta yi masa yawa, shi ya kawo gumi da rama. Da aka cire shi gaba ɗaya, sai jiki ya zauna ba wuta. 'Yar ƙwayar nan ita ce madadinsa, kuma ba a daina ta sai ranar da mutum ya bar duniya. Ta ce abin da muke gani ba ƙibar lafiya ba ce, kumburi ne. Ta ce muryar ma ba a yanke mata komai ba, rashin maganin ne ya dushe ta. Aka yi gwajin jini da hoton ƙirji, ta ce zuciyar ta gaji, ruwa ya taru a gefenta, dole a fara maganin kaɗan kaɗan don kada ya fi ƙarfinta. Ba ta yi mana ƙarya ba. Ta ce an makara, amma za a gwada.

Za mu fita ke nan ta tsayar da Blessing. Ta zuba ruwa a kofi ta ce ta cire ɗankwali ta haɗiya. Duk muka ga abin ya hau ya sauka. Ta ce yakan bi jini, ta dawo a gwada ta, nata ƙarami ne, wataƙila ma ba sai an kai ga wuƙa ba. Blessing ta ce to. Har yau ba ta koma ba.

A mota, muna kan gada, Martha tana ta kallon ruwa. Na ɗauka kuka za ta yi. Sai na ji tana dariya, irin ta ƙasan maƙogwaro. Ta ce, "Yaya, ashe kumburi muka kai wa Ubangiji godiya. Har da akuya. Ki gaya wa Fasto ya dawo mini da akuyata." Blessing ce ta yi kukan.

Martha, kin ɗan dawo mana. Wannan ma sai na faɗa, don kada a ce maganin banza ne. Kafin Kirsimeti kin cire safa. Wajen Ista kin cire suwaita. Fuskarki ta saɓe, muka sake ganin Marthar da muka sani a ƙarƙashinta. Wata safiya ina ta fama da kirana, sai na ji daga bayana an ce "Ga doya!" Ba ta kai ta da ba, ko rabi, amma wata ƙaramar mota ta taka birki. Kika dube ni kika ce, "Kin gani? Haka ake yi." A zumunta kuma, ranar wata Alhamis, yarinyar da ke ba da waƙa ta makara, kika ɗaga baiti ɗaya daga bencin baya. Ba wadda ta iya amsawa da farko, duk mun juya muna kallon ki.

Abin da ke cin raina ke nan. In 'yan watanni sun dawo da wannan, shekara shida fa? Maganin nan ƙarami haka, ana sayar da shi a kemis ɗin da ke kallon rumfarmu. Kullum muna zaune muna kallon ƙofarsa.

Da ruwan Agusta ya kankama, tari ya kama ta, ya sauka ƙirji. Zuciyar da ta riga ta gaji ba ta iya ɗauka ba. Na je duba ta ana jibi za ta rasu, da rana, Baba Shekari ya fita neman mota. Ta kama hannuna. Ba ta yi mini maganar doya ba, ba ta yi maganar waƙar da za a yi mata ba. Ta ce, "Yaya, wuyan yarinyar nan. Ni ba ta jin maganata. Ke tana jin tsoronki."

To, Blessing, ɗago ki dube ni, sannan ki ci gaba da rubutu. Na san abin da kike cewa. Kin ce su suka yanka ta suka tafi, su suka ce maleriya, su suka ce ta rage tuwo, duk ɗaya suke. Ban ce kin yi ƙarya ba, ina wurin aka yi. Amma ina wurin kuma ranar da ɗaya ta tashi daga kujerarta. Wahalar neman ta, uwarki ta riga ta sha miki, da ƙafarta da muryarta. Ke ba sai kin yi yawon da muka yi ba. Kin san ƙofar, kin san ranar, kin kuma san tambayar da mu ba mu san ana yi ba. Ɗankwali bai taɓa warkar da kowa ba. In an gama jana'iza, Talatar da ta biyo baya ba zan fitar da doya ba. Zan zo Narayi in tsaya a ƙofarki. In kin ga dama ki bar tsohuwa a tsaye, maƙwabtanki su yi kallo.

Ku kuma matan zumunta, duk wadda aka miƙa wa magani, kada kunya ta hana ta tambaya: wannan mai ƙarewa ne, ko na har abada ne? In kin ba da shaida jiki ya sake juyawa, ki faɗa. Ubangiji ba ya jin kunyar a koma asibiti. Likitoci kuma, in akwai wanda wannan littafin zai faɗa hannunsa, ban zo da zagi ba, na san kuna da yawan mutane, kun gaji. Amma ku ɗago kai. Ku taɓa inda aka nuna muku. Abin da ba ku sani ba ku ce ba ku sani ba, ku nuna mana ƙofar wanda ya sani. Magana ɗaya aka hana Martha, ba ta fi a faɗe ta kafin a miƙa leda ba.

Baba Shekari, sannu. Ka riƙe ta lokacin da ake nuna ku da baki, ba ka taɓa raba kofi da ita ba, na gani. Ubangiji ya riƙe ka yadda ka riƙe ta. Blessing, Deborah, Sam, da jikoki, Allah ya ba ku haƙuri, ya zama uwa a gare ku. Ina yi wa zumuntar mata ta'aziyya, da dukan ikilisiya, da 'yan'uwana masu kasa kaya a bakin titi. Malam Tanimu, da ka ajiye tirela ka zo ka zauna a tabarmar makoki tare da mu, Allah ya saka maka, ya ƙara wa uwargidanka lafiya. Yarinyar nan likita, ban riƙe sunanki ba, Allah ya san shi, ya tsare ki, ya kuma zaunar mana da ke a garin nan.

Martha ƙanwata, rabin wurin da kika ba ni yana nan, rabin naki ma ban bari kowa ya kasa kaya a kai ba tukuna. Ubangiji Yesu da kika yi wa waƙa duk ranki ya yi miki jinƙai, ya gafarta miki kurakuranki, ya karɓe ki a inda babu sanyi babu zafi. Ya mayar miki da muryarki duka. Ki huta. Saƙonki na isar, kuma da hannunta ta rubuta shi. Amin.

Jemimah Musa, Maman Caleb, Gonin Gora.

Maman Caleb ta ce in cire abin da ba na so kafin a buga. Ban cire komai ba. Ranar Talata ba sai ta tsaya a ƙofa ba, zan jira ta a bakin titi.

Blessing Shekari.